Jigo a Ajin Sakandare: Yadda Ɗaliban Faskari Ke Karanta Shaihu Umar

Duk malamin Hausa da ya tambayi ɗaliban babbar sakandare jigon wani littafi ya san amsar da zai samu tun kafin ya rufe baki: faɗakarwa, gargaɗi, wa'azi ko nishaɗantarwa. Kalmomin nan huɗu sun zama babbar riga, kowane littafi aka kawo sai a zura masa ɗaya. Ruwan Bagaja nishaɗantarwa ne, Jiki Magayi gargaɗi ne, shi ke nan an gama nazari. A makarantun Faskari, inda sau da yawa kwafin littafin ɗaya ne tak kuma yana hannun malami, ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya haddace laƙabin littafin da bai taɓa buɗewa ba.

Wani ɓangare na matsalar daga mazhabar nazarin kanta ya taso. Matakan da Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, wato furucin jigo da jigo a gajarce da warwarar jigo, don rubutacciyar waƙa aka tsara su, kuma a can suna aiki sarai, domin marubucin waƙa yakan faɗi manufarsa a baitocin farko. Haka ma turken da Sa'idu Muhammad Gusau ya yi amfani da shi a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993) yakan bayyana a amshi ko a gindin waƙa. Ƙagaggen labari kuwa ba kasafai yake furta jigonsa ba. Ɗalibin da aka horar ya nemo layin da marubuci ya faɗi manufarsa, idan ya duba zube bai ga layin ba, sai ya koma ga kalmomin nan huɗu.

Wani malami a ɗaya daga cikin makarantun jeka-ka-dawo na ƙaramar hukumar ya bi wata hanya. Ya fara da kalmar kanta. Yaran da suka tashi kusa da fadama, ko da injin ban-ruwa ya kori tsohon yayi, sun ji iyayensu na zancen jigon lambu, itacen da ake kafawa a bakin rijiya ya ɗauki nauyin guga. Tuge shi, ban-ruwa ya tsaya. Sai ya ce musu haka za su gwada duk abin da suke zaton jigo ne: su cire shi daga labarin, su ga ko labarin zai tsaya da ƙafarsa. Littafin da ya zaɓa don gwajin shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933, ba tare da la'akari da ko yana cikin jerin littattafan jarrabawar shekarar ba.

Labarin sananne ne ga manazarta. An sace Umar yana yaro bayan makircin fada ya raba mijin uwarsa, Makau, da Kagara. Ya faɗa hannun masu fataucin bayi, aka kai shi Kano, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi karatu har ya zama malami, daga baya ya zauna a Rauta yana ba almajiransa tarihinsa. Amsar da aka saba bayarwa ita ce jigon littafin bauta ne da cinikin bayi, wasu kuma su ce haƙuri da yarda da ƙaddara.

Sai dai ɗaliban wannan yanki ba su karanta shi a matsayin tarihin da ya wuce. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, maƙwabciyar Faskari, aka shiga daji da su, sai bayan kwana shida aka sako su. Gwamnatin jihar ta rufe makarantun kwana. A 2021 an katse layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro. Yaron da ya girma a tsakanin Sheme da 'Yankara ba ya buƙatar a fassara masa abin da ake nufi da a wayi gari babu ɗa a gida. Saboda haka da malamin ya kai inda mahaifiyar Umar ta bar komai ta bi sawun ɗanta, har ita ma aka bautar da ita aka ƙetara Sahara da ita, ajin ya yi tsit irin wanda ba a samu lokacin karanta fadan Kagara ba. Wata ɗaliba ta ce, “Malam, ai littafin nan na uwar ne, ba na Shaihun ba.”

A ma'aunin jarrabawa wannan amsa ba ta da maki. A ma'aunin jigon lambu kuwa tana da nauyi ƙwarai. Idan aka cire tafiyar uwar daga littafin, abin da zai rage shi ne labarin bawan da ya yi sa'ar ubangida nagari, ya sami ilimi da daraja, har mai karatu ya kusa ɗaukar bautar a matsayin alheri. Wahalar uwar, da rasuwarta jim kaɗan bayan ta sadu da ɗan da ta sha wuya dominsa, su ne suka nuna abin da bauta ta ci. Ɗalibar ba ta kauce wa jigon bauta ba. Ta gano ginshiƙin da ya ɗauke shi ne, abin da kalmar “bauta” ita kaɗai ba ta iya faɗa.

Wannan ba ya nufin duk abin da ɗalibi ya ji a ransa ya zama jigo. A ajin nan wani ya ce jigon shi ne sakacin jami'an tsaro. Ƙorafinsa gaskiya ne, amma daga gida ya zo da shi, kuma da aka ce ya nuna wurin a cikin littafin bai iya ba. A nan ne aikin malami yake, kuma sharuɗɗan da ya kafa biyu ne: a faɗi jigo da cikakkiyar jimla, a kuma kawo wurare uku daga matanin da suka tabbatar da ita. “Bauta” batu ne kawai. “Bauta tana raba uwa da ɗa, kuma ko ɗan ya tsira uwar ce ke biyan bashin” magana ce da za a iya kare ta ko a rushe ta da hujja. Bambancin batu da jigo, wanda ko a ajin digiri na farko yakan rikita ɗalibai, ya fi saurin zama a kan yaro idan shi ya gina jimlar da kansa.

Hanyar tana da tsada. Darasin minti arba'in ba ya isa, kuma karatu a bayyane daga kwafi ɗaya yana cinye rabinsa. Akwai kuma abin da ba a koyar da shi a kwalejin horon malamai: a irin wannan aji akan sami wanda aka taɓa ɗauke masa uba ko wa, wataƙila ma har yanzu ba a dawo da shi ba. Malamin ya lura da masu sunkuyar da kai, bai kuma jefa musu tambaya ba. Wasu manazarta za su ce gara a zaɓi littafin da ba zai fama ciwo ba. Hujjarsu ba ta banza ba ce, ko da yake Ruwan Bagaja bai taɓa sa wani ɗalibinsa ya yi gardama a kan jigo ba.

Da jarrabawa ta gabato, sai malamin ya yi sulhu da tsarin da ya tarar. Ya umarce su, ko wane littafi aka tambaya, su fara rubuta kalmar da mai duba takarda yake nema, sannan su biyo ta da jimlarsu da hujjojinsu uku, don kada fahimtarsu ta jawo musu asarar maki. Masu tsara jagoran ba da maki na WAEC da NECO a darasin Hausa, a hannunsu yake a buɗe gurbi a jagoran ga amsa irin ta ɗalibar nan idan ta zo da hujjarta.