Zarto A Kan Teburin Baba

Mu mutanen arewacin Zamfara ba mu san teku ba. Ruwanmu shi ne gulbin Gagare da ya bi ta gefen Ƙauran Namoda, da na Bunsuru da ya ratsa ƙasar Zurmi, su ma ɗin sai damina ta yi nisa suke cika su batse, da rani kuwa yashi ne fetal har yara na buga ƙwallo a ciki. Jirginmu bai wuce kwalekwalen fito ba. Saboda haka in na ce da mai karatu wani jirgin ruwa na Turawa ne ya warware mini matsalar da ta taso a cikin ɗakina, zai iya cewa marubucin nan ya fara zuƙi ta malle. A yi mini haƙuri a ji yadda abin ya kasance.

Akwai wasu ƙananan jiragen ruwa da ke tafiya da iska, waɗanda ake kafa wa dogon sanda a tsakiya a rataya masa ƙyalle, iska ta buga shi ta tura jirgin. A cikinsu akwai ɗan ɗaki wanda a nan ake dafa abinci, a ci, a duba taswira, a kuma kwanta. Na san wannan ne daga wata tsohuwar mujallar Turawa da na taɓa saya a tashar mota ta Gusau saboda hotunanta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne teburin ɗakin. Ba a ajiye shi sakaka kamar namu, ɗaure shi ake yi da ƙasan jirgin ko da ginshiƙin da ke tallafe da dogon sandan. Yana da fukafukai da ake ɗagawa in za a ci abinci, a sauke su in an gama don mutane su sami hanyar wucewa. An kuma yi masa ɗan leɓe a gefe, don kada kwano ya zame idan igiyar ruwa ta karkata jirgin. Na duba, na yi mamakin hikimar, na jefa mujallar cikin kwali na manta da ita.

Ni kuwa teburina gado ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin awon gyaɗa ne a zamanin da Ƙaura take Ƙaura. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso garin daga Zariya a 1929, nan ne ƙarshenta, kuma nan ake tara gyaɗa da audugar ƙasashen Zurmi da Shinkafi a loda su zuwa kudu. A kan wannan tebur Baba yake buɗe littafin lissafi, manomi ya sauke buhu a kan sikeli, shi kuma ya rubuta. Da katakon maɗaci aka yi shi, tsawonsa ƙafa 6, faɗinsa ƙafa 3, sai ƙarti huɗu sun taru suke ɗaga shi. Da cutar gyaɗa ta 1975 ta karya sana'ar, Baba ya rasa aikin, amma ya dawo gida da teburin. A kansa na koyi haɗa baƙi, a kansa na rubuta wasiƙar neman aure, a kansa kuma na rubuta duk wani gajeren labari da na taɓa aikawa wata mujalla. Yana zaune a shagona na bakin zaure, ɗaki mai ƙafa 12 da ƙafa 10, ya cinye kusan gefe guda, ba wanda ya taɓa cewa ya tsare masa wuri.

Sai shekarar 2021 ta zo. A watan Satumba na shekarar hukuma ta katse layukan wayar salula a faɗin jihar, aka kuma rufe kasuwannin mako, duk don a matsa wa 'yan bindiga. Ba hanyar da wani zai sanar da wani komai. Wata ranar Talata da la'asar sakaliya sai ga Inna a ƙofar gida, tare da ƙanwata da 'ya'yanta biyar, sun taso daga ƙauyensu na ƙasar Zurmi, kowa da ƙullin kaya a ka. Ban tambaye su dalili ba, fuskokinsu sun riga sun faɗa.

Gidana ɗaki biyu ne sai shago. Mata da ƙananan yara suka cika ɗakunan ciki, ni da yara maza biyar, uku na ƙanwata biyu nawa, muka koma shago. Daren farko na tashi cikin dare na haska tocila, na ga ɗaya ya naɗe a ƙarƙashin tebur kamar kyanwa, ƙaraminsu kuma yana kwance a bakin ƙofa, ƙafafunsa a waje inda raɓa ke sauka. Lissafin a fili yake, ko Baba da yake malamin awo ba zai musa ba: wurin da teburin ya tsare, shimfiɗar yara biyu ce.

Na yi kwana uku ina juya maganar. In sayar da shi, wa zai saya a lokacin da kowa ke neman na hatsi? In fitar da shi tsakar gida, ruwan ƙarshen damina da gara su gama da shi kafin shekara. In bar shi, yaro ya kwana a raɓa saboda kawunsa marubuci ne. A nan ne mujallar nan ta faɗo mini a rai. Na tono ta daga kwali, na dubi hoton da kyau, na ga ashe ɗakina ma jirgi ya zama: wuri kaɗan, mutane da yawa, ga kuma igiyar ruwa ta kowane gefe.

Amma ba a sa wa kayan mamaci zarto sai an tambayi mai haƙƙi. Na sami Inna bayan sallar isha'i tana jan carbi, na durƙusa na faɗa mata abin da nake nufi. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba. Ta daɗe shiru, sannan ta ce da bango, "Babanku bisa wanga icce ya cishe ku. Yanzu jikokinai na kwana bakin ƙofa, icce na kwana ɗaki? A yanka shi." Ta ci gaba da jan carbinta.

Kafintan da na samo dattijo ne daga ƙasar Shinkafi. Rufe kasuwar Alhamis ta garinsu ce ta kawo shi Ƙaura neman aiki, da zarto da guduma da kurfi a cikin buhu. A ƙuruciyarsa yakan yi wa masu fito gyaran kwalekwale da damina. Na nuna masa hoton ina ta bayani, ya karɓa ya duba sau ɗaya ya miƙo mini. Ya ce, "Malam, ai wanga ba baƙon abu ba na. Cikin jirgi, abin da duk ba a ɗamre ba na ruwa na." Ya ƙwanƙwasa bangon shagon da yatsa, ya girgiza kai. Bangon ƙasa ne, ba ya riƙe ƙusa, ko an kafa za ta zare da nauyin gwiwar hannu. Dabararsa ita ce a haƙa rami biyu a jikin bangon, a kafa turaku biyu na kirya, a shafe gindinsu da baƙin mai saboda gara, su zama su ne ginshiƙin da teburin zai rataya a kai.

Da ya kifar da tsohon teburin sai muka ga saman nasa falankai uku ne, kowanne faɗin ƙafa ɗaya. Ya ja layi a tsakiya da fensir, ya ɗago ya ce, "Wane rabi kaka so?" Ban taɓa duban teburin nan irin duban da na yi masa a ranar ba. Rabi ɗaya sumul yake. Ɗaya rabin kuwa yana da tabon tawada, da baƙin da'ira inda fitila ta taɓa ƙona shi, da wasu 'yan zane-zane a gefe da Baba yake yi da wuƙa yana ƙirga buhuna. Na ce, "Baba, a bar mini mai tabon." Da zarton ya shiga, na fita waje kamar mai neman wani abu. Da na dawo sai ya nuna mini bakin yankan: ja wur, kamar jiya aka saro itacen, bayan shekara kusan sittin. Ya ce maɗaci ke nan, shi ya sa masu sassaƙar jirgi suke nemansa.

Kwana biyu ya yi yana aikin. Falanki ɗaya ya kafa shi a kan turakun ya zama kanta, ya yi masa leɓe na inci ɗaya don biro da fitila su tsira daga hannun yara. Sauran biyun ya haɗe su, ya rataya su a jikin kantar da irin ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kai. Ƙafa ɗaya daga cikin tsofaffin ƙafafun ita ce madogara: in ka ɗaga fiffiken sai ka tokare shi da ita, in ka cire ta ya kwanta a jikin bango. Durowar Baba ya maƙala ta a ƙarƙashin kantar yadda take, har da littafin lissafin gyaɗa a ciki. Ragowar katakon ya yi wa yara benci, ya yi wa Inna kujera 'yar tsugunno. Bai zubar da komai ba sai garin zarto.

Tun daga ranar teburin ya kafa mini doka. Da dare nasa ne ya kwanta, ɗaki na masu barci ne. Da an sallame asuba yara sun ɗauki allunansu sun fita, sai in naɗe tabarmi in ɗaga fiffike, ina da kamar awa biyu kafin su dawo neman koko. A da, da nake da tebur ƙafa 6 da dare sukutum, nakan shekara ina tauna labari ɗaya. A waɗannan awoyi biyu na safe na kammala littafin da ya yi shekara bakwai yana jira a cikin kwali, domin wanda ya san za a naɗe masa tebur ba ya zama feƙe fensir.

Na kawo wannan labari ne saboda matasan da nake haɗuwa da su a taron ƙungiya, waɗanda da ka tambaye su ina rubutu sai su ce suna jira su sami ɗaki nasu, da natsuwa, da lantarki. Ya ɗan'uwa, a ƙasarmu ta yau mai jiran natsuwa zai daɗe bai ɗauki biro ba. Nemi faɗin ƙafa biyu da za ka ce nan ne wurinka, da lokacin da za ka ce wannan nawa ne, ka ɗaure su tamau yadda igiyar ruwa ba za ta tafi da su ba.

Bayan wata takwas ƙanwata ta sami ɗaki a wata unguwa ta koma da yaranta. Inna ba ta koma ƙauye ba, tana nan wurina. Kowace safiya takan jawo kujerar nan ta maɗaci zuwa hantsi ta zauna tana tsince wake, wani lokaci in ga ta shafa gefenta da tafin hannu, ta ci gaba da aikinta. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.