Gida Mai Taya

Tun da na fara bin motar kawuna, mai ɗaukar rake daga kasuwar Makarfi, da tumatur daga fadamun Hunkuyi in rani ya yi, ban ƙara kwana uku a jere a ɗakina na Ikara ba. Abin da na mallaka duk ya koma bayan kujerar direba: tabarma, buta, bargo, da ɗan rishon dafa shayi.

A Amurka akwai masu sayar da gidajensu su tare a mota, su ya da zango a bakin teku. Mu neman abinci ne ya fito da mu, amma na san abin da ke jan su. Ran da muka sauke kaya a Legas, Kawu ya ce, "Taho ka ga ruwan da ba a hango ƙarshensa." Na daɗe a tsaye, ina jin gishiri a leɓena.

Jiya a Tashar Yari muka kwana. Na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, inji bai gama hucewa ba, iskar hunturu tana kawo ƙamshin mazarƙwaila. Gida yana nan kusa, amma ban ce wa Kawu mu ƙarasa ba.