Daga Fili Zuwa Teburin Sharhi: Sana'ar Amokachi ta Biyu

A falukan Nasarawa GRA da gidajen kallon ƙwallo na cikin birnin Kano, akwai matasan da suka san Daniel Amokachi a matsayin mai sharhi a SuperSport kawai. Iyayensu kuwa ɗan wasan gaba suka sani, wanda ƙarfinsa ya sa ake kiransa Bijimi.

An haife shi a Kaduna a 1972, ya taso a Ranchers Bees, ya tafi Club Brugge ta Beljiyam a 1990. Ya ci ƙwallo a ragar Bulgeriya da ta Girka a Kofin Duniya na 1994, ya kuma ci a wasan ƙarshe da Ajantina a gasar Atlanta ta 1996, inda Nijeriya ta ɗauki lambar zinare. Daga nan gwiwa ta juya masa baya. Kafin ya cika shekara talatin, manyan filayen Turai sun rufe masa ƙofa, alhali yawancin rayuwa tana gaba.

Ana ɗauka cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, don haka duk tsohon ɗan wasa zai iya sharhi. Amma abin da ƙafa ta sani ba lallai baki ya iya faɗinsa ba. A wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA a 1995, Amokachi ya shiga fili ba da izinin kocin Everton, Joe Royle, ba, ya zura wa Tottenham ƙwallo biyu. A fili, irin wannan azama baiwa ce. A teburin sharhi, ana son mutum ya tsaya, ya auna, ya bayyana wa wanda bai taɓa taka leda ba dalilin da ya sa mai tsaron baya ya makara da taku ɗaya.

Ingila ta ga misalin haka a ƙwallon zari-ruga. Ray French, ɗan gaban St Helens da Widnes, ya gaji Eddie Waring a BBC a 1981, ya kuma daɗe a kujerar. Malamin Turanci ne a makaranta. Ya riga ya saba da sauƙaƙa abu mai wuya.

Nauyi mafi girma shi ne gaskiya. Amokachi ya yi mataimakin marigayi Stephen Keshi lokacin da Nijeriya ta ci Kofin Afirka a 2013, saboda haka yawancin waɗanda zai soka abokan cin tuwonsa ne. In ya yi musu kara, mai kallo ya gane. In ya faɗi gaskiya, zumunci ya yi tsami. Suna yakan kai tsohon ɗan wasa gaban kyamara, amma ranar da Super Eagles suka sha kashi ake sanin ko zai zauna.