A Kantunan Rahusa Na Jamus, Mai Saye Ma Ma'aikaci Ne

Birnin Essen yana yammacin Jamus, a yankin Ruhr, inda a da ake haƙar kwal ana narka ƙarfe. A wata unguwarsa ta ma'aikata mai suna Schonnebeck ne wasu 'yan'uwa biyu, Karl da Theo Albrecht, suka karɓi ɗan shagon mahaifiyarsu a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aljihun kowa ya bushe. Dabararsu ita ce kaya kaɗan, farashi ƙasa, ba ado ba ƙawa. Daga wannan shago kantunan Aldi suka samo asali. Daga baya 'yan'uwan suka raba harkar gida biyu: Aldi na arewa yana da hedkwata a Essen, na kudu kuma a Mülheim, garin da ke maƙwabtaka da ita. Babban abokin hamayyarsu shi ne Lidl, wanda cibiyarsa ke Neckarsulm.

'Yan makaranta, ba tarihin ne ya fi ɗaukar hankalinmu ba da muka zagaya waɗannan kantuna. Wurin biyan kuɗi ne. Duk wanda Allah ya nufa da zuwa karatu can, to a nan zai fara zana jarrabawarsa, tun kafin ya shiga aji.

Tun daga bakin ƙofa aikin yake farawa. Kekunan zuba kaya a ɗaure suke da juna da 'yar sarƙa, sai ka saka sulen Yuro ɗaya ko santi 50 kafin ka ciro guda. Kuɗin ba ya tafiya ko'ina. Idan ka mayar da keken, sulenka ya faɗo. Da wannan 'yar dabara kantin ya huta da ɗaukar wanda zai riƙa bin kekuna a filin ajiye motoci.

Idan ka gama zaɓen kaya sai ka bi layi. A gaban kashiya akwai dogon bel mai tafiya, kai da kanka za ka jera kayanka a kai. Mun lura masu wayo ba sa jerawa barkatai. Kwalabe da gwangwanaye da dankali su ne a gaba, ƙwai da burodi da tumatir a can ƙarshe, domin yadda ka jera su haka za su dawo hannunka, kuma mai nauyi ne ya kamata ya zauna a ƙasa. Da ka gama, sai ka ɗauki wata doguwar roba mai kama da rula ka gitta ta bayan kayanka, don kada su haɗu da na wanda ke biye da kai. Wannan ƙaramin abu yana da daraja a wurinsu. Idan ka ajiye, sau da yawa za ka ji an ce “danke”, wato an gode. Idan ba ka ajiye ba, na bayanka zai miƙa hannu ya ajiye da kansa, ba zai ce uffan ba, amma za ka gane.

Sai kuma kashiya. A zaune take a kujera, ba a tsaye ba, hannuwanta kuwa kamar walƙiya. Akwai dalili. Kayan da kantin ke sayarwa da sunansa an buga musu zanen nan na layuka baƙi da fari, wanda na'ura ke karantawa, a gefe fiye da ɗaya, wani ma dogo ne ƙwarai, saboda haka ba sai ta tsaya jujjuya kwali tana nema ba. Kafin zuwan na'urar ma, har wajen shekarar 2000, masu karɓar kuɗi na Aldi da ka suke riƙe farashi ko lambobin kaya suna bugawa da hannu. Ga shi kuma a yawancin rassan wurin da kaya ke sauka bayan na'ura ɗan ƙarami ne, bai fi faifai biyu ba. Idan ka tsaya ɗaura jaka a nan, kaya za su taru su yi tsibi, layi ya tsaya cak, idanu su dawo kanka.

Abin da ake yi shi ne ka tura kekenka kusa, duk abin da ya wuce na'ura ka mayar da shi ciki nan take. Ka riƙe kuɗi ko katinka a hannu tun kafin a faɗa maka jimla. Bayan ka biya ka karɓi rasit, sai ka matsa wurin wani dogon kanta da ke jikin taga, a can za ka shirya kayanka a tsanake, ko da za ka kai minti goma. Jakar ma taka ce, daga gida za ka zo da ita, in ba haka ba ka saya. Tun farkon 2022 Jamus ta hana kantuna ba da ledar sayayya marar kauri.

Mu da muka saba mai shago ya tambayi lafiyar gida, a yi ciniki, ya ƙulla mana kaya a leda har ya ƙara gyara, wannan tsari yana iya zama kamar rashin sakin fuska. Amma lissafi ne. Reshe guda mutane ƙalilan ne ke tafiyar da shi. Wadda ke karɓar kuɗi yanzu, an jima ita ce ke jera madara. Duk aikin da mai saye ya ɗauke, albashi ne da kantin bai biya ba, kuma wani ɓangare na rahusar daga nan yake fitowa.

Kuma layin ba ya rasa tausayi. Idan mai keke cike ya waiwaya ya ga kana riƙe da burodi ɗaya da kwalbar ruwa, yakan yi maka nuni ka wuce gaba. Sai dai kyauta ce, ba haƙƙi ba: ko ka jira a yi maka tayi, ko ka roƙa cikin ladabi.

Wuri ɗaya ne muka ga tsarin ya kwance. Da zarar lasifika ta sanar za a buɗe wani wurin biya, sai a watse a nufi can, kuma sau da yawa na ƙarshen layi ne ke riga kowa. A ganinmu wannan ba adalci ba ne ga tsohuwar da ta daɗe a tsaye, su kansu Jamusawa suna gardama a kai. Ya fi faruwa da yammacin Asabar, domin ranar Lahadi kusan duk kantuna a rufe suke, kowa yana son ya cika firij kafin a ja ƙofa.

Idan ka duba rasit ɗinka ka ga an ƙara santi 25 a kan kowace robar lemo, kada ka koma yin ƙorafi. Ajiya ce. Ka adana robar, ranar da ka dawo ka zura ta a na'urar da ke kusa da ƙofa, ta ba ka 'yar takarda, kashiya ta cire kuɗin daga sabon lissafinka.