Tambayar da Likita Ya Yi wa Inna

Mu mutanen Kakuri ne, can tsallaken kogin Kaduna, unguwar da masaƙu suka raya tun da aka buɗe ta farko, wato KTL, a 1957. Ni ban riski wannan zamani ba, domin tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun sun rurrufe ɗaya bayan ɗaya. Abin da na buɗe ido na gani shi ne kaskon ƙosan Inna. Da shi aka ciyar da mu, da shi kuma ake biya mini kuɗin jami'a har yau. Shekara ashirin da biyar ke nan tana durƙushe gaban murhu tun asuba, tana fama da ɗanyen itace a cikin 'yar rumfar da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin.

Da na je hutun hunturun bara, sai na tarar tarin da muka saba ji ya sake kama. Ɗaukar bokitin ruwa daga bakin famfo zuwa madafi sai ta tsaya sau biyu tana haki. Maƙwabta suka ce sanyi ne, wasu suka ce girma ne ya zo. Girma kuwa ga mai shekara 51? Na matsa mata muka tafi asibiti.

Aka gwada majina, babu tarin fuka. Aka ba ta wata na'ura ta hura da iyakar ƙarfinta, aka ga iskar da huhunta ke fitarwa ta gaza ta sa'o'inta. Can sai likita ya ce, "Mama, yaushe kika daina ganin al'ada?"

Inna ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Ina ita ina wannan magana a gaban namiji, ga kuma 'yar cikinta a tsaye? Ni ce na amsa, bakina na rawa, na ce shekara tara ke nan. Ba ta taɓa faɗa mini ba. Na dai lura tun ina yarinya cewa ta daina ramuwar azumi bayan salla. Wato tana da 42 abin ya ɗauke.

A hanya ta ce mini, "Ke, me ya haɗa kifi da kaska? Na zo da ƙirji ana tambayata wani abu daban." Ni ma haka na ɗauka, sai da na koma makaranta na bincika.

Ashe yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55 al'ada ke ɗauke musu, wadda tata ta tsaya kafin 45 kuwa ta yi wuri. In ta ɗauke, sinadarin nan na jikin mace da ake kira isturojin sai ya ja baya, alhali yana taimakon ƙashi da sauran sassan jiki. A 2017 masu bincike na Jami'ar Bergen ta ƙasar Norway da abokan aikinsu sun buga sakamakon bin diddigin mata 1,438 na Turai na tsawon shekaru. Sun gano ƙarfin huhu yana saurin raguwa bayan ɗaukewar al'ada fiye da abin da shekaru kaɗai za su jawo, har suka kwatanta raguwar iskar da huhu ke iya ɗauka da ta mai shan taba kara 20 kullum shekara goma. Kafin nan, a 2016, wani bincike a Birtaniya kan mata sama da 140,000 ya nuna raunin ya fi bayyana ga waɗanda tasu ta ɗauke da wuri.

To, waɗannan fa matan Turai ne, ba masu hura wutar icce ba. Inna ba ta taɓa sa taba a baki ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki a gidaje ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020. Ga tsohon ciwo, ga sabon miki a kansa.

Abin da ya fi ci mini rai, a matsayina na ɗalibar Hausa, shi ne yadda harshenmu ya bi da lamarin. Malaman fiƙihu kan ce mace "ta yanke ƙauna", amma a babin idda suke tsayawa. A tsakar gida kuwa sai a ce "ta girma", a rufe zance. Kunya ado ce, ban musa ba, sai dai wannan karon ta ɓoye mana shekara tara da ya kamata a ce an duba ƙirjin Inna.

Likita ya ce ta rabu da hayaƙi. Ta ce in ta rabu da kasko wa zai biya kuɗin zangon karatuna? Daga ƙarshe muka yaye langa-langar gefen rumfar don iska ta ratsa, ni kuma na fara tara kuɗin tukunyar gas daga darasin da nake koya wa yara. Inna ta ce ƙosan gas ba ya ƙamshi, masu saye za su gudu. Har yanzu muna kan wannan gardama, kuɗin kuma ya kai rabi.