Zinariyar Bahiya da gumin da ke ƙarƙashinta

Shekaru suna koya wa mutum cewa tsohon gini ba ya faɗin gaskiya sai an tsare shi da tambaya. Matafiyin da ya sauka Salvador, babban birnin jihar Bahiya a Brazil, wanda Turawan Fotugal suka kafa a 1549 kuma ya zama cibiyar mulkinsu a ƙasar har 1763, wurin da aka saba fara kai shi shi ne cocin São Francisco, inda aka lulluɓe sassaƙen katako da zinariya ta ko'ina. Baki sake yake fitowa. A ganina wanda ya tsaya nan bai ga garin ba, domin arzikin rake da na zinariya da ya ƙawata ginin, da gumin bayi 'yan Afirka aka tara shi. Ya kamata ya ɗan taka zuwa dandalin Pelourinho, inda a da ake ɗaure bayi a zane su a bainar jama'a. A nan cocin Rosário dos Pretos yake, mai shuɗin fenti, wanda ƙungiyar baƙar fata, bayi da 'yantattu, ta gina da kanta a ƙarni na 18. Aikin ya ci shekaru da dama, don da ɗan abin da suka tara da ɗan lokacin da iyayengijinsu suka bar musu suka yi shi.

Wani zai ce, me ya kai Bahaushe Musulmi kallon coci? Tarihinsa ne ya kai shi. A farkon ƙarni na 19 an sayar da Hausawa da yawa zuwa Bahiya, galibi kamammun yaƙe-yaƙen zamanin jihadi. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla, sannan a Janairun 1835, cikin watan azumi, Musulmi, akasarinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito da makamai a titunan birnin. An murƙushe su, an kuma samu layu da takardun Larabci a jikinsu. Ba su bar masallacin da za a ziyarta ba. A ɗakuna suke salla da karatu a ɓoye, ƙararrawar coci na kaɗawa a kansu. Mai neman sawunsu dole ya bi ta lungunan da waɗannan coci-coci suke.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa adana irin waɗannan gine-gine karrama azzalumai ne. Ban yarda ba, don rushe su ɓatar da shaida ne, kuma cocin Rosário ba azzalumi ya gina shi ba. Inda masu ƙorafin suke da gaskiya shi ne yadda aka yi adanar. Bayan UNESCO ta sa tsohuwar unguwar da gine-ginen suke cikin kayan tarihin duniya a 1985, gwamnatin jihar ta shiga gyara ta daga 1992, aka yi wa gidaje fenti, aka buɗe shaguna don baƙi, aka kuma tashi talakawan da ke zaune ciki, mafi yawansu baƙar fata.