Baƙar Motar Onikan

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. Na daɗe ina koya wa ɗalibai wannan karin magana, amma ban taɓa auna nauyinta ba sai a hutun ƙarshen zangon da ya wuce, sa'ad da na ɗauki babban ɗana, mai shekara goma sha uku, muka tafi Legas shan iska na kwana biyu. Yini guda muka keɓe domin ziyartar gidajen zane da na tarihi.

Da hantsi muka fara da gidan zane-zane na Nike da ke Lekki, wanda Nike Davies-Okundaye ta kafa. Bene ne hawa-hawa, kowane bango cike da zane. Abin da ya tsayar da ni shi ne adire, wato rinin shuni na Yarbawa, domin ina ganinsa sai marinar Ƙofar Mata ta faɗo mini a rai. Na tambayi yaron ko ya san karofi, ya ce bai sani ba. Na yi murmushi kawai, na ɗauka ƙuruciya ce.

Bayan azahar muka isa Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957 bisa ƙoƙarin Kenneth Murray. Muka wuce Anyanwu, mutum-mutumin tagulla na Ben Enwonwu, muka ga kayan tagulla na Binin, sa'an nan kawunan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a kudancin jihar Kaduna ta yau, masu shekaru fiye da dubu biyu. Yaron dai yana bina yana hamma.

Daga nan aka nuna mana baƙar Marsandi, jikinta duk hujin harsashi. A cikinta aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a unguwar Ikoyi, da safiyar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa Barikin Dodan, a yunƙurin juyin mulkin da Laftanar-Kanar Dimka ya jagoranta. Wata shida da 'yan kwanaki ya yi a kan mulki, amma a cikinsu ya mai da jihohi 12 zuwa 19, ya kuma yanke shawarar mai da babban birni Abuja. Ya rasu yana da shekara 37, wato ni da ke tsaye ina kallo na girme shi.

Ba a haife ni ba lokacin. Sai dai mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin ranar bayan sallar isha'i: yadda suka kewaye akwatin rediyo, yadda kasuwa ta watse, yadda ya ga dattawa na share hawaye da hannun riga. Saboda haka da na ga motar, muryarsa na ji.

Sai yaron ya taɓa ni ya ce, "Baba, wai shi ne na jikin naira ashirin?"

Na ce, "Shi ne."

Ya ce, "To me ya yi musu?"

Haƙiƙa kunya ta kama ni. Shekara da shekaru ina tsayawa gaban 'ya'yan wasu ina yi musu bayanin muhimmancin adabin baka, alhali ɗan cikina bai taɓa jin wannan labari daga bakina ba. Mahaifina bai shiga aji ba, amma ya sauke nauyin da ni mai digirin digirgir na kasa saukewa. Abu ɗaya muke kallo ni da yaron, amma shi tsohon ƙarfe yake gani. Ashe gani ba ya korar ji. Wanda bai ji ba, ko ya gani bai gani ba.

Muka fito muka sami inuwa muka zauna, na soma ba shi labarin tun daga tushe, kamar yadda aka ba ni. Bai ƙara yin hamma ba. Da na kai ƙarshe sai ya ce, "Baba, mu koma in sake ganinta."

Muka koma. A hanyarmu ta zuwa masauki kuwa, shi da kansa ya tuna mini cewa ban faɗa masa mene ne karofi ba.